Tarihin Madubin Elektiron da Karkarwar Ƙwayoyin Zarra

A aji an koya mana cewa ƙwayoyin zarra na cikin ƙarfe ko dutse ba a tsaye cik suke ba, kullum karkarwa suke yi, kuma zafi yana ƙara musu ita. Ni aikin ofis ya ɗauke ni, amma ban daina bin labarin ba, shi ne na ce bari in kawo muku tarihinsa a taƙaice.

A 1897 J.J. Thomson ya gano elektiron a Kambirij ta Ingila. A 1931 kuma Ernst Ruska da Max Knoll suka ƙera madubin ƙara girma na farko mai aiki da elektiron maimakon haske, a birnin Balin na Jamus.

To, sai dai akwai cikas. Idan elektiron ya ratsa abin da ake dubawa, ƙwayar zarra mai karkarwa takan karkatar da shi daga hanyarsa, hoto ya yi hazo. Tun a 1913 Peter Debye ya lissafa irin wannan illa game da hasken eksire. Shekara da shekaru masana suna ɗaukar karkarwar a matsayin datti, har sukan sanyaya abu da ruwan naitirojin don su rage ta.

Wajen 1990 aka juya tunani. Stephen Pennycook a Amurka ya nuna cewa elektiron ɗin da suka bauɗe sosai, in aka tattara su, suna fito da hoton jerin ƙwayoyin zarra ƙarara. A 2014 Ondrej Krivanek da abokan aikinsa suka auna ɗan ƙarfin da elektiron ke bar wa karkarwar. Ku duba ƙanƙantarsa: elektiron mai ƙarfin bolt 60,000 yakan yi asarar kamar kashi ɗaya cikin goma na bolt ɗaya. Kamar odita ne ya gano ɓacewar kwabo ɗaya cikin naira 6,000. A 2020 aka auna karkarwar ƙwayar silikon ƙwaya ɗaya tak a Daresbury ta Ingila.

Amfanin abin shi ne, wannan karkarwa ce ke kwashe zafi a cikin silikon na wayoyinmu da kwamfutocinmu. In zafin bai fita ba, na'ura ta lalace. Daga Ruska zuwa Krivanek shekara 83 ke nan. Sannu ba ta hana zuwa.