Mai Gadin da Aka Sallama

A ranar 13 ga watan Satumba, 2017, Ma'aikatar Tsaron Cikin Gida ta Amurka ta ba wa hukumomin gwamnatin tarayya wa'adin kwana casa'in su fara cire duk wata manhaja ta kamfanin Kaspersky daga kwamfutocinsu. Elaine Duke, wadda ke riƙon ƙwaryar ma'aikatar a lokacin, ita ce ta sa hannu a kan umarnin. Abin da ya fi ɗaukar hankalina game da wannan takarda shi ne, ba ta ce an kama kamfanin yana sata ba. Cewa ta yi akwai alaƙa tsakanin wasu shugabanninsa da hukumomin leƙen asirin Rasha, kuma dokar Rasha tana iya tilasta masa ya taimaka wa waɗannan hukumomi ko yana so ko ba ya so. Tun daga ranar har zuwa 2024, duk rigimar tana tsakanin waɗannan kalmomi biyu ne, wato "ya yi" da "yana iya yi".

Kafin a fahimci dalilin tsoron, sai an san irin matsayin da manhajar kashe ƙwayoyin cutar kwamfuta take da shi. Sauran manhajoji baƙi ne, a zaure suke tsayawa. Ita kuwa mai gadi ce da maigida ya damƙa wa makullin kowane ɗaki, har da na uwargida. Tana buɗe kowane fayil ta duba, tana zaune a can cikin zuciyar tsarin da ke tafiyar da na'urar, kuma idan ta ga abin da ba ta yarda da shi ba, takan aika da kwafinsa zuwa ga kamfanin da ya ƙirƙire ta domin a bincika. Kullum kuma kamfanin yana turo mata sababbin umarni, ba tare da mai kwamfutar ya karanta ko ɗaya ba. Duniya ta ga girman wannan iko a ranar 19 ga Yuli, 2024, sa'ad da wani sabuntawa mai ɗauke da kuskure daga kamfanin CrowdStrike na Amurka ya durƙusar da kwamfutoci kimanin miliyan takwas da rabi, jiragen sama suka kasa tashi, asibitoci suka koma rubutu da biro. Wannan kuskure ne kawai. Mai karatu sai ya auna yadda za ta kasance idan da gangan aka yi.

Eugene Kaspersky, wanda kamfanin ke ɗauke da sunansa, an haife shi a 1965, ya kuma kammala karatun lissafi da ilimin ɓoye saƙo a 1987 a wata makaranta da ke ƙarƙashin hukumar KGB. Wannan layi ɗaya na tarihin rayuwarsa ya bi shi duk inda ya shiga, ko da yake a Tarayyar Sobiyet ta wancan zamani babu wurare da yawa da haziƙin yaro zai koyi irin wannan ilimi. A 1989 wata ƙwayar cuta mai suna Cascade ta kama kwamfutarsa, ya rubuta abin da ya cire ta, daga nan sana'ar ta samo asali. An kafa kamfanin a Mosko a 1997, ya bunƙasa har manhajarsa ta shiga ɗaruruwan miliyoyin na'urori, ciki har da na ofisoshin gwamnatin Amurka.

Masu binciken kamfanin sun yi suna wajen tona asirin makaman intanet na gwamnatoci. A 2012 sun bayyana wata manhajar leƙen asiri mai suna Flame wadda aka fi samu a Iran da maƙwabtanta. A watan Fabrairun 2015 suka fallasa wani gungun masu kutse da suka raɗa wa suna Equation, wanda masana da yawa suka danganta da hukumar NSA ta Amurka. Bayan wata huɗu kuma kamfanin ya sanar da cewa shi kansa an yi masa kutse. Ba na cewa wannan ne ya jawo masa baƙin jini a Washington, amma wanda ya saba ɗaga murfin tukunyar manya bai kamata ya yi mamaki ba idan tururi ya ƙona shi.

A watan Oktoban 2017 jaridun Amurka suka fito da abin da aka ce shi ne ainihin dalilin korar. Wall Street Journal ta ruwaito cewa masu kutse na Rasha sun kwashe bayanan sirri na NSA daga kwamfutar gida ta wani ma'aikacin hukumar, kuma manhajar Kaspersky ce ta nuna musu inda kayan suke. New York Times ta ƙara da cewa jami'an leƙen asirin Isra'ila ne suka kutsa cikin kwamfutocin kamfanin, suka tarar da Rashawa suna amfani da manhajar wajen lalube a na'urorin duniya, sannan suka tsegunta wa Amurka. Duka labaran biyu daga majiyoyin da ba a ambaci sunansu ba suka fito.

Kamfanin ya ba da nasa bayanin, kuma bayanin ya fi zargin ban sha'awa. Ya ce a 2014 manhajarsa ta ci karo da kayan kutse na gungun Equation a wata kwamfuta a Amurka, ta yi aikin da aka yi ta dominsa, wato ta aika da su Mosko a bincika. Da mai bincike ya buɗe ya ga akwai takardu masu alamar sirri, sai ya sanar da Eugene Kaspersky, shi kuma ya ce a goge. Kamfanin ya kuma ce mai kwamfutar ya taɓa kashe manhajar domin ya ɗora Microsoft Office na sata, wanda ya zo da tasa ƙwayar cutar, don haka kowa ma yana iya shiga. Shi dai ma'aikacin da ya kai aikin ofis gida, kotu ta ɗaure shi shekara biyar da rabi a 2018. A nawa ganin, ko da an karɓi kowace kalma ta kamfanin, bayanin ya tabbatar da tsoron Amurka ne maimakon ya kore shi. Asirin ƙasa ya tashi daga wani gida a Amurka ya sauka a Mosko ba tare da kowa ya yi niyyar sata ba, kuma abin da ya hana shi wucewa gaba, in har bai wuce ba, kalmar mutum ɗaya ce.

Majalisar Dokokin Amurka ta mayar da haramcin doka a watan Disamban 2017. Kamfanin ya kai ƙara yana cewa an hukunta shi ba tare da shari'a ba, kotu ta yi watsi da ƙarar a watan Mayun 2018 bisa hujjar cewa matakin na kariya ne ba na horo ba, kotun ɗaukaka ƙara ta tabbatar. Birtaniya da Lituwaniya da Holan suka ɗauki matakai makamanta. Majalisar Tarayyar Turai ta amince da wani ƙuduri a 2018 da ya kira manhajar mai cutarwa, amma a shekarar da ta biyo baya Hukumar Tarayyar ta ce ba ta da wata shaida a kan haka. Kamfanin ya kwashe wani ɓangare na ajiyar bayanansa zuwa Zurich, ya buɗe cibiya inda gwamnatoci za su zo su karanta rubutun manhajar da idonsu. Duk wannan bai amsa tambayar ba, domin abin da aka karanta yau ba shi ne za a turo gobe ba.

Mene ne ya sa Amurka ta kasa yarda da mai gadin da ba a kama da laifi a bainar jama'a ba? Ina ganin amsar tana wani ƙaramin gari na ƙasar Suwizalan mai suna Zug. A can ne wani ɗan Suwidin, Boris Hagelin, ya kafa kamfanin Crypto AG a 1952, yana ƙera injinan ɓoye saƙo. Gwamnatoci fiye da 120 sun saya, saboda Suwizalan ƙasa ce 'yar ba-ruwanmu, kuma mai son ɓoye maganarsa daga manyan ƙasashe ina zai je in ba can ba? A watan Fabrairun 2020 jaridar Washington Post da tashar ZDF ta Jamus suka bayyana, daga takardun tarihin da hukumomin suka rubuta da kansu, cewa tun 1970 hukumar CIA da takwararta ta Jamus ta Yamma, BND, su ne suka mallaki kamfanin a ɓoye. An raunana injinan da gangan yadda masu su za su karanta saƙon da ya bi ta ciki. Da haka aka riƙa sauraren Masar lokacin tattaunawar Camp David a 1978, da Iran lokacin garkuwa da Amurkawa a 1979, da Ajantina a yaƙin Falklands na 1982, inda aka miƙa wa Birtaniya abin da aka ji. Najeriya da Gana da Sudan suna cikin jerin masu sayen. Wato ƙasashe sun biya da kuɗinsu aka girka musu kunnen wani a ɗakin sirrinsu. Lokacin da Iran ta yi zargi, wani dillalin kamfanin ta kama a 1992, mutumin da bai san komai ba, ta tsare shi wata tara kafin a biya dala miliyan ɗaya a sake shi. Jamus ta sayar da kasonta a 1993, CIA kuwa ba ta saki ba sai 2018, wato bayan an riga an kori Kaspersky. Tarayyar Sobiyet da Sin ba su taɓa zama masu saye ba. Ɓarawo ba ya yarda da ƙofa a buɗe, domin ya san abin da shi zai yi da ita.

Haka kowa ya riƙa auna maƙwabcinsa da mudun kansa. Bayan tonon sililin Edward Snowden a 2013, ƙasar Sin ta hana amfani da Windows 8 a kwamfutocin gwamnati a 2014, ta kuma cire Symantec na Amurka daga jerin manhajojin tsaro da hukumomi za su saya. Abin dariya, ta haɗa da Kaspersky a korar, don a wurinta baƙo baƙo ne. Rasha ma a 2022 Shugaba Putin ya sa hannu a kan dokar da ta hana hukumomi da manyan kamfanoni amfani da kayan tsaron kwamfuta na ƙasashen da ta kira marasa zumunci, daga farkon 2025.

Yaƙin Yukiren ne ya ƙarasa abin da ya rage. A ranar 15 ga Maris, 2022, hukumar tsaron bayanai ta Jamus ta shawarci jama'a su sauya manhajar, kuma ta faɗi dalilinta ba tare da kwana-kwana ba: kamfanin Rasha yana iya kai hari da kansa, ko a tilasta masa, ko a yi amfani da shi bai sani ba. Kanada ta cire ta daga wayoyin gwamnati a 2023. A ranar 20 ga Yuni, 2024, Sakatariyar Kasuwanci ta Amurka, Gina Raimondo, ta sanar da hana sayar da ita ga kowa a ƙasar, ba gwamnati kaɗai ba, sannan daga 29 ga Satumba ba za a ƙara turo mata sabuntawa ba. Ma'aikatar Kuɗi ta sa wa manyan jami'an kamfanin goma sha biyu takunkumi, amma ta tsallake Eugene Kaspersky. Har zuwa wannan rana kamfanin yana musanta cewa ya taɓa taimaka wa wata gwamnati leƙen asiri.

Kamfanin ya rufe ofishinsa na Amurka, ya miƙa masu amfani da manhajarsa kimanin miliyan ɗaya ga wani kamfanin ƙasar. A cikin watan Satumban 2024 mutane da yawa suka kunna kwamfutocinsu suka tarar Kaspersky ta goge kanta, wata manhaja mai suna UltraAV da ba su taɓa jin sunanta ba ta zauna a gurbinta. Kamfanin ya ce ya aika da sanarwa ta imel tun da farko, kuma ya yi haka ne don kada a bar kowa ba kariya. Wasu daga cikinsu sun ce ba su ga wata sanarwa ba, kuma babu wanda ya nemi izininsu kafin a shigo musu da sabon mai gadi.