Idon manomi da duwatsun sama

Duk wanda ya bi tarihin duwatsun da suka faɗo daga sama a Najeriya zai tarar manoma da makiyaya ne suka fara ganinsu, tun kafin masu na'urar hangen nesa su ji labari. Ranar 3 ga Oktoba, 1962, wani manomi yana korar tsuntsaye a gonarsa kusa da dutsen Zagami a ƙasar Katsina, sai ya ji ƙara kamar aradu, wani abu ya nutse cikin ƙasa 'yan taku kaɗan daga inda yake tsaye. Da aka tono, sai ga dutse mai nauyin kilo 18, wanda bincike ya tabbatar daga baya cewa ɓallin duniyar Mars ne. Haka aka yi a Mayo Belwa a 1974, da Gujba a 1984, inda mutanen gari suka farfasa dutsen suka rarraba. Kowannensu ya shiga kundin masana ne saboda wani yana waje a lokacin, ya gani, ya kai labari.

Za a ce shaidar ƙauye ba ta rabuwa da camfi, tunda har gobe akwai mai cewa faɗuwar tauraro alamar rasuwar babban mutum ce. To, amma gani daban, fassara daban. Wanda ya kuskure ma'ana yana iya nuna maka daidai inda wutar ta ɓullo da inda ta nufa. Masanan Turai ma sun daɗe suna ƙaryata ƙauyawa, sai da duwatsu suka zubo a L'Aigle ta Faransa a 1803, masanin kimiyya Jean-Baptiste Biot ya bi gida-gida yana tambaya, sannan suka sallama.

Wannan ne ya sa Gwagwalada ta yankin Abuja take da muhimmanci a ganina. Tun da aka kafa yankin Abuja a 1976, fitilu ke ta cinye duhun garin, amma a ƙauyukan Dobi da Paiko da ke kewayensa har yanzu zafin bazara na fitar da mutane kwana a tsakar gida, fuska na kallon sama. Ruwan taurarin Agusta gizagizan damina kan rufe shi. Na daren 13 da 14 ga Disamba kuwa yakan fito sarai, in hazo bai yi kauri ba. Masu kallo akwai su, mai rubutawa ne babu. Ga Jami'ar Abuja a kusa, ga hukumar binciken sararin samaniya ta ƙasa, ya kamata a ce kowane mai unguwa ya san inda zai kai rahoton faɗuwar tauraro: lokaci da alƙibla da tsawon jinkirin ƙarar bayan haske.