Tsibirin Farko: Yadda Misirawan Da Suka Ba Da Labarin Halitta

Ran nan wani abokina ya tarar da ni ina karanta labarin allolin Misirawan da, sai ya ce da ni, "Kai kuwa me ya kai ka ga gumakan Fir'auna, ga littattafai masu amfani jibge?" Ban ga laifinsa ba. Abin da mutanen nan suka bauta wa ba abin bautarmu ba ne, kuma ba wanda ya ce mu gaskata shi. Amma ɗalibin tarihi ba ya tsallake shaida don ba ta yi masa daɗi ba. Ni dai abin da na tarar shi ne, in mutum ya natsu ya saurari waɗannan labarai na farkon duniya, zai ji motsin abu biyu a ƙarƙashinsu, watau Kogin Nilu da kuma sarauta. Wannan shi ne abin da nake so in ɗan nuna wa mai karatu.

Bari mu fara da kogin. Kafin a gama gina babbar madatsar ruwa ta Aswan a 1970, kowace shekara Nilu yakan cika ya yi ambaliya tun daga wajen watan Yuli, ya shafe gonaki, ƙauyuka su zama kamar tsibirai. Wajen Oktoba ruwa ya fara janyewa, sai tuddai su riƙa leƙowa ɗaya bayan ɗaya, kowanne lulluɓe da baƙin laka mai albarka, kafin a jima tsiro ya fito. Duk wanda ya taɓa noman fadama ya san wannan. To, da Bamisire ya tambayi kansa yadda duniya ta fara, sai ya amsa da abin da idonsa yake gani. Ya ce da fari babu kome sai wani ruwa mai duhu wanda ba shi da iyaka, sunansa Nun, kana wani tudu ya ɓullo daga cikinsa. Kusan duk garuruwan Misira sun yarda da wannan. Inda aka rabu shi ne, wane ne ya tsaya a kan tudun, kuma a wane gari tudun yake. Ba sai na faɗa ba, kusan kowane babban ɗakin bauta ya ce a harabarsa ne.

Labarin da ya fi shahara shi ne na birnin Iyunu, wanda Girkawa suka kira Heliyofolis, watau birnin rana. Yau unguwannin Alƙahira sun haɗiye shi, ba abin da ya rage a tsaye sai wata doguwar hasumiyar dutse a Matariya. Muna samun labarin a rubuce-rubucen da aka sassaƙa cikin dalolin sarakuna, waɗanda mafi tsufansu yake cikin dalar Sarki Unas a Saƙƙara, wajen shekara 2350 kafin Miladiyya. Malaman Iyunu suka ce Atum ne ya samar da kansa a kan tudun. Da yake shi kaɗai ne, ba mata, sai ya yi atishawa Shu ya fito, watau iska, ya tofar da yawu Tefnut ta fito, wadda ake dangantawa da raɓa ko laima. Akwai wata ruwayar ta yadda ya same su, amma kunya ba za ta bar ni in kawo ta a mujallar nan ba. Shu da Tefnut suka haifi Geb da Nut, ƙasa da sama, waɗanda suka manne da juna har sai da ubansu ya shiga tsakani ya ɗaga Nut sama. A zane-zanensu za ka ga mace ta yi baka, jikinta duk taurari, namiji kuwa yana kwance a ƙarƙashinta. Kullum maraice tana haɗiye rana, da asuba ta haife ta.

A nan akwai abin lura. Mu a harshenmu ƙasa mace ce, haka kuma Girkawa suka ɗauki ƙasa uwa, sama uba mai zubo ruwa. Misirawa sun juya abin. Wasu masana suna ganin dalili shi ne ba su dogara da ruwan sama ba, ruwan da yake rayar da su ta ƙasa yake zuwa. Bayanin ya kwanta mini, ko da yake hasashe ne.

Geb da Nut suka haifi huɗu: Usir, wanda Turawa suke kira Osiris, da Isis, da Set, da Neftis. Allolin suka cika tara ke nan. Daga nan labari ya bar zancen iska da ƙasa ya koma rigimar gadon sarauta. Set ya kashe ɗan'uwansa Usir, Isis ta ɓoye ɗanta Horus a cikin fadamun arewa har ya girma ya karɓi gadon ubansa. Kowane Fir'auna mai rai ana ɗaukarsa Horus ne, in ya mutu ya zama Usir. Ashe salsalar da ta faro daga Atum a ƙofar fada ta tsaya. Talakawa kuwa, an ce daga hawayen mahalicci suka fito, kuma dalilin bai wuce wasa da harshe ba, domin kalmar mutane da kalmar hawaye sun yi kama a bakinsu. 'Yan ƙungiyarmu masu son salon magana sai su ga cewa sana'ar tsohuwa ce.

A kudu da nan, a garin Kemenu, ba su fara da ɗaya ba, da takwas suka fara, maza huɗu masu kan kwaɗo, mata huɗu masu kan maciji. Su ne Nun da Naunet, Heh da Hauhet, Kek da Kauket, Amun da Amaunet, watau ruwa, da rashin iyaka, da duhu, da ɓoyuwa. Kwaɗo da maciji su ne halittun da manomi yake fara gani cikin taɓo in ruwa ya janye. Sunan garin ma ma'anarsa takwas, har yau kuma yana nan a sunan ƙauyen Ashmunain. Can wajen Aswan kuma Kunum ne, mai kan rago, maginin tukwane, wanda yake ƙera mutane da yumɓu. Har buzuzu bai tsira ba, don da suka ga yana mirgina dunƙulen kashi sai suka ce haka Kefri yake turo rana da safe. Abin mamaki, ba mu ga alamar wannan saɓani ya dame su ba, sukan haɗa labaran cikin waƙa guda.

Inda hannun sarauta ya fi fitowa fili shi ne a Tebis da Memfis. Amun, wanda muka gani ɗaya cikin takwas, bai zama kome ba sai da sarakunan Tebis, Luksor ta yau, suka mallaki ƙasa. Nan da nan aka haɗa shi da rana ya zama Amun-Ra, sarkin alloli, aka ce shi ne ɓoyayyen da ya riga kowa. A zamanin Ramsis na 3 mutanen da suke yi wa ɗakunan bautarsa aiki sun haura 80,000. Ko Akenaton, wanda ya sa aka kankare sunan Amun daga gine-gine wajen shekara 1350 kafin Miladiyya, bai iya da shi ba, yana mutuwa aka mai da kome yadda yake.

Na Memfis shi ne ya fi ɗaukar hankalina, a kansa ma abokina ya same ni. Akwai wani baƙin dutse a gidan ajiye kayan tarihi na Biritaniya a Landan, wanda aka kai can a 1805. Sarki Shabaka ne ya sa aka sassaƙa shi wajen shekara 700 kafin Miladiyya. Shi Shabaka mutumin Kush ne, daga ƙasar Sudan ta yau, cikin gidan sarautar da ya ci Misira ya mulke ta. A saman dutsen an rubuta cewa sarki ya tsinci wata tsohuwar takarda ta kakanni wadda tsutsa ta cinye, sai ya sa a kwafe ta a dutse don kada ta ɓace. Abin da ke ciki kuwa shi ne, Fitah na Memfis shi ya halicci kome, har da Atum da sauran taran, kuma ba da atishawa ko yumɓu ba. Zuciyarsa ce ta tsara abu, harshensa ya furta, abin ya kasance. A wurin Misirawa zuciya ita ce mazaunin tunani. Tun da masanin nan na Amurka, James Breasted, ya yi nazarin dutsen a 1901, an yi ta kwatanta wannan da abin da ya zo a littattafan addini na baya. Ni ba na gaggawar wannan kwatance, domin Fitah ɗin nan yana da mata, Sekmet, yana da ɗa, Nefertem, ɗaya ne cikin taro.

Tambayar da ta fi dacewa da ɗalibin tarihi ita ce, gaskiya Shabaka ya faɗa? Shekaru da dama masana sun ɗauki maganarsa yadda take, suka ce rubutun ya kai tsufan dalolin farko. A 1973 wani Bajamushe, Friedrich Junge, ya kawo hujja cewa a zamanin Shabaka aka tsara shi, aka kwaikwayi tsohon harshe da gangan. Wasu kuma sun ce na zamanin su Ramsis ne. Ko wanne ne daidai, amfanin dutsen ga sarkin a bayyane yake. Baƙo ne daga kudu, yana bukatar goyon bayan malaman Memfis, tsohon babban birni, yana kuma so a gan shi mai raya al'adar kakanni. Ba abin da ya fi masa sauƙi irin ya ɗaukaka abin bautar garin bisa na Iyunu, ya ce ba shi ya faɗa ba, a takardar magabata ya gani.

Dutsen da aka sassaƙa don ya fi takarda ƙarko shi ma bai sha ba. Daga baya wasu suka huda tsakiyarsa, suka tsaga layuka kewaye da ramin, galibin masana suna ganin dutsen niƙa aka mai da shi. Farkon rubutun da ƙarshensa suna karantuwa, amma layukan tsakiya da yawa sun goge ƙaf.