Sarauniya da Masu Tallar Kifi a Filin Wasan Golf

Yau za mu leƙa ƙasar Sukotland da ke arewa da Ingila, mu ji tarihin wasan golf, wanda wasu ke kira ƙwallon lambu. Shi ne wanda ake dukan 'yar ƙwallo da sanda har ta faɗa rami. Kin ga yanzu ana ce masa wasan masu kuɗi, ko? To, asalinsa na talakawa ne, a filayen rairayi na bakin teku, inda tumaki ke kiwo, mata ke shanya.

Tun farko wasan bai samu karɓuwa wajen mahukunta ba. A 1457 majalisar Sarki James na Biyu ta haramta shi tare da ƙwallon ƙafa, saboda maza sun watsar da koyon harbin kibiya, ga kuma yaƙi da Ingila kullum a bakin ƙofa. An sake nanata dokar a 1491, amma a banza. Da aka yi sulhu a 1502, Sarki James na Huɗu da kansa ya sayi sandunan wasan wajen wani mai yin baka a garin Perth.

To, ina mata a ciki? A 1567 aka kashe mijin Sarauniya Mary. Maƙiyanta suka yaɗa cewa kwanaki kaɗan bayan haka an gan ta tana wasan golf a Seton, alhali kamata ya yi tana zaman makoki. Ke da kika san nauyin takaba, kin san yadda irin wannan magana ke zubar da mutuncin mace. Suka haɗa da sauran zarge-zarge don nuna tana da hannu a kisan, a cikin shekarar nan aka tilasta mata ta sauka daga mulki.

Amma a garin Musselburgh labarin daban ne. Matan masunta ke goya kwandon kifi a baya, su taka a ƙafa har birnin Edinburgh su sayar. Da yake su ke nemo kuɗin gida, ranar hutu sai su ɗauki sanda su fita fili, ba mai ce musu kanzil. A 1811 aka shirya musu gasa, kyautar kuwa sabon kwandon kifi ce da 'yan kallabai na siliki.

Kin ji fa: wasa ɗaya, sarauniya ya jawo mata baƙin jini, mai talla ya ba ta kwando.