Shawara da Olsa: Yadda Ilmin Mai Magani Yake Tsufa a Damargu

Kalmar shawara ta girmi kowane ɗakin shan magani da aka gina a Damargu. Tun kafin zuwan Nasara, idan idon mutum ya yi rawaya, fitsarinsa ya koma kamar ruwan shayi, jikinsa ya mutu, sunan da ake ba abin ke nan, kuma an san wurin waɗanda za a kai shi. Boka ya jiƙa saiwar rawaya, wanzami ya kafa ƙaho, malam ya ba da rubutu, tsohuwar gida ta ba mai ƙwannafi ruwan kanwa, wanda cikinsa ya ɗaure kuma a dafa masa filasko. Damargu kuwa ba lungu ba ce. A wancan zamani ita ce rumbun Abzin, mararrabar ayarin da ke tasowa daga Kano da Damagaram zuwa Agadas har Tarabulus, kuma a garin Tagalal na wannan ƙasa ne Turawa masu yawon bincike Barth da Richardson da Overweg suka raba hanya a watan Janairun 1851. Inda ayari yake ya da zango, magani da labarin magani suna sauka tare da gishiri da dabino. Mai maganin wancan zamani bai taɓa gama karatu ba, domin kowace ranar kasuwa tana iya kawo masa sabon sassaƙe ko sabon zance. Abin da ya rasa shi ne hanyar leƙa cikin mutum. A ƙarƙashin sunan shawara akwai ƙwayoyin cutar hanta iri-iri, akwai zazzaɓin cizon sauro da ya fasa jini, akwai sikila, akwai toshewar hanyar matsarmama, akwai sankarar hanta, kuma ido ɗaya suke rinawa.

Sabuwar sana'ar da Faransa ta kawo ita ce daga baya ta sami hanyar rarrabe waɗannan cututtuka, amma ta zo da nata aibin, wanda har yau bai sake ta ba: tana koyar da mutum sau ɗaya, a wani gari mai nisa, ta ba shi takarda, ta tura shi daji, ta ɗauka an gama. Ina ganin babu sashen jikin ɗan Adam da ya biya kuɗin wannan ɗabi'a kamar hanta da ciki.

Sojojin Faransa sun shiga Damagaram a 1899, garin kuma ya zama babban birnin mulkinsu a Nijar daga 1911 zuwa 1926. A 1905 aka kafa hukumar kula da lafiyar ƴan ƙasa a yankin Afirka ta Yamma da ke hannunsu, a 1918 aka buɗe makarantar likitanci ta Dakar don horar da mataimakan likita baƙar fata. Daga Tanut, babban garin Damargu, zuwa Dakar tafiya ce ta duniya, kuma wanda ya dawo da takardarsa ba shi da wata hanyar komawa aji. Hankalin hukuma ma ba ya kan marar lafiya ɗaya da ke zaune a gaban ma'aikaci. Yana kan annobar da ke iya rage masu biyan haraji da masu aikin tilas: agana, sanƙarau, ciwon barci, kuturta. Hukumar ayarin masu allura da aka kafa a 1945, mai cibiya a Bobo Julaso, don wannan aka yi ta. Shawara ɗaya tak ta shiga lissafinsu, wato zazzaɓin shawara da sauro ke yaɗawa, wanda aka tilasta yi wa jama'a lambarsa tun daga 1941, ana tsaga ta a dantse haɗe da ta agana. Aikin ya yi amfani, babu mai musu. Sai dai ya bar gado: ma'aikacin lafiya ya saba da cewa ilmi umarni ne da ke zuwa daga sama game da cuta guda, idan umarni bai zo ba, to babu abin da ya canza.

Bayan samun mulkin kai a 1960 makarantu sun matso kusa. Jami'ar Yamai ta fara horar da likitoci a shekarun 1970, aka buɗe makarantar ma'aikatan jinya a Damagaram, aka kuma yaɗa tsarin ƴan agajin ƙauye da ungozomomi wanda aka fara gwadawa a ƙasar Maraɗi. Nisa ya ragu, ɗabi'ar ta zauna.

A ɗauki ma'aikacin jinyar da ya fito makaranta a 1980 aka tura shi Gangara ko Tarka, a duba abin da ya faru da littafinsa kafin ya yi ritaya. An koya masa cewa gyambon ciki, wanda kowa ke kira olsa, yawan tsamin ciki ne da damuwa da yaji suke kawo shi, maganinsa farin ruwa mai kwantar da ƙwannafi da kiyaye abinci. Shekara biyu bayan fitarsa Barry Marshall da Robin Warren a Ostareliya suka gano cewa wata ƙwayar cuta ce, Helicobacter pylori, take haddasa mafi yawansa, kuma haɗin magunguna na mako biyu yana iya raba mutum da shi. Sun karɓi kyautar Nobel a 2005. Nan kusa, a Maiduguri, likita Holcombe ya nuna a 1992 cewa ƙwayar tana cikin mafi yawan mutanen yankin tun suna yara. An koya masa cewa gudawa mai tsanani sai ƙarin ruwa ta jijiya. Ruwan gishiri da sukari ya rage buƙatar wannan ga mafi yawan masu gudawa, a 2004 kuma aka sauya ma'aunin haɗin aka ƙara ƙwayar zinki. Cutar hanta mai lamba B, wadda Baruch Blumberg ya gano alamarta a jini a shekarun 1960, a lokacin karatunsa ba ta da maganin da ake sha. Yau ƙwayar tenofovir ɗaya a rana tana danne ta. Mai lamba E sai a 1983 aka ga ƙwayarta, mai lamba C sai a 1989, kuma tun daga 2013 ana warkar da ita cikin wata uku. Mutum ɗaya, aiki ɗaya, amma kusan duk shafin da ya haddace a kan hanta da ciki an sake rubuta shi yana bakin aiki. Karyewar ƙashi ba ta canza haka ba, karɓar haihuwa ma ba ta canza haka ba.

Ba a ce ba a yi tarukan ƙara wa juna sani ba. An yi su har sun yi yawa. Amma kowane taro yana bin kuɗin da ya kira shi. Shirin rigakafin yara yana da nasa, zazzaɓin cizon sauro da tarin fuka da sida suna da nasu tun da aka kafa Asusun Duniya a 2002, tamowa ta sami nata bayan yunwar 2005 da ta girgiza Tanut da maƙwabtanta. Hanta marainiya ce, ba ta da mai kiran taro. Dalilin a fili yake: cutar hanta B ba ta kwantar da gari a mako guda. Tana shiga jariri ko ƙaramin yaro, ta yi shiru shekara ashirin ko talatin, sannan ta fito a jikin magidanci da kumburin ciki da ramar kafaɗa, lokacin da babu sauran abin yi. Jarirai tara cikin goma da suka kamu suna zama da ita har abada, alhali a manya ba a kai biyar cikin ɗari ba. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa mutum miliyan 254 ne suke ɗauke da ita a 2022, cututtukan hanta masu yaɗuwa kuma sun kashe miliyan 1.3 a wannan shekara, adadin da ya yi kafaɗa da na tarin fuka. Nijar tana cikin ƙasashen da cutar ta yi katutu. Rigakafinta bai shiga allurar yara ta ƙasar ba sai a 2008, don haka duk wanda aka haifa kafin nan, wato iyayen yau, ya girma ba tare da kariya ba.

Za a ce, kuma masu faɗa ba wawaye ba ne, mene ne amfanin koya wa ma'aikacin da ke Tanhiya abin da ba shi da kayan aunawa? Wannan hujja ta fi ƙarfi shekara goma da suka wuce. Yanzu gwajin cutar hanta B ɗigon jini ne daga yatsa, sakamako kafin a gama shan shayi. Ma'aunin da ake gane ko hanta ta fara ƙandarewa lissafi ne da ake yi da awo biyu na jini waɗanda asibitin gunduma zai iya yi, kuma a 2024 Hukumar Lafiya ta Duniya ta sassauta sharuɗɗan fara magani musamman don wuraren da ba su da manyan na'urori. Wanda ya tsaya a ƙa'idar 2015 zai sallami mutumin da ƙa'idar 2024 ta ce a ba shi magani. Ban da haka, rabin abin da ake buƙata ba ya neman na'ura ko kaɗan. Sanin cewa aman jini a jikin mai kumburin ciki jijiyoyin maƙoshi ne suka fashe saboda hanta, ba olsa ba. Sanin cewa ƙwayoyin ciwon jiki irin diclofenac da ibuprofen, da ƴan tallar magani ke zubawa a tire ranar kasuwa, su ne suke huda cikin manomi bayan ya sha su babu abinci. Sanin cewa baƙin bayan gida ko rama babu dalili alama ce ta a tura mutum gaba yau, ba a ƙara masa farin ruwa ba. Yaron da zazzaɓi ya daɗe a jikinsa sannan cikinsa ya yi tauri kamar allo, taifot ce ta huda hanji, kuma likitocin fiɗa na babban asibitin Damagaram sun sha rubuta cewa jinkirin isowa ne yake kashe irin waɗannan yara. Daga Tanut zuwa Damagaram kusan kilomita 150 ne, daga rugagen arewa kuma ya fi haka nesa ba kusa ba. Inda hanya take da tsawo haka, shawarar da aka yanke a ɗakin farko ita ce maganin.

Abin da ya faru a Difa a 2017 ya isa misali. Mata masu ciki suka yi ta zuwa da rawayar ido suna mutuwa tun farkon shekara, sai a watan Afrilu hukuma ta tabbatar cewa annobar cutar hanta E ce, wadda gurɓataccen ruwa ke yaɗawa. Damargu ƙasa ce ta rijiyoyi masu zurfin gaba da yawa, inda da damina mutane da dabbobi suke haɗuwa a tafki ɗaya. Ma'aikacin da ya san cewa mata masu ciki biyu da shawara a ƙauye ɗaya ƙararrawa ce zai ɗaga waya a makon farko.

Hujja ta biyu ta fi ɗaci, domin gaskiya ce tsagwaronta: taron ƙara wa juna sani ya zama kasuwar kuɗin zama. Masu bincike a kan asibitocin Afirka ta Yamma sun daɗe suna nuna yadda ma'aikata ke barin majinyata su bi taro saboda ambulan, yadda mutum ɗaya ke halartar horo iri ɗaya sau uku alhali na ƙasa da shi bai taɓa zuwa ba, da yadda wanda aka horar yake neman canjin wuri ya koma birni da ilminsa. Duk haka ne. Amma laifin na siffar taron ne, wato kwana biyar a zauren otal, sannan shiru. Nijar da kanta ta gwada wata siffa a tsakiyar shekarun 2000, lokacin da ta ɗauki likitocin gundumomi ta ba su horon shekara guda a kan fiɗa, suka koma suna yin aikin da a da sai an kai mutum babban birnin jiha. A Amurka ma, likitan hanta Sanjeev Arora ya fara wani tsari a jihar New Mexico a 2003: kowane mako ma'aikatan ƙananan asibitocin karkara suna gabatar masa da majinyatansu na cutar hanta C ta bidiyo, ana tattaunawa, kowa yana wurin aikinsa. Binciken da aka buga a 2011 ya nuna waɗanda aka yi wa magani a karkara sun warke daidai da na asibitin jami'a. Abin lura shi ne wannan ya fi kama da yadda ɗan boka yake koyo a gaban ubansa, a kan marar lafiya na gaske, fiye da yadda makarantar Dakar ta koyar. Yanzu Damagaram tana da jami'a mai sashen likitanci, waya kuma tana aljihun kowane ma'aikacin jinya.

Saura tambayar wa za a koyar. Gundumar Tanut tana da mutum fiye da dubu 400 a ƙidayar 2012, Balbeji da aka cire daga cikinta a 2011 tana da kusan dubu 100, kuma mafi yawansu ba likita suke fara gani ba. Ma'aikacin jinya suke gani, ko ma'aikacin ƙaramin ɗakin shan magani irin waɗanda aka yi ta ginawa a ƙauyuka daga 2001. Kafin su ma akwai tsofaffin masu sana'a, waɗanda ba su je ko'ina ba. Allurar da ke tare cutar hanta B daga uwa zuwa ɗa tana aiki sosai ne idan an yi ta cikin awa 24 da haihuwa, kuma a Afirka jarirai 18 cikin ɗari kawai suka same ta a 2022. Uwar da aka gano tana ɗauke da ƙwayar da yawa ana iya ba ta tenofovir a watannin ƙarshe na ciki, amma sai an auna ta a awon ciki tukuna. A cikin awa 24 ɗin nan, a ƙauyen Damargu, ungozoma ce take ɗakin. Kwanaki kaɗan bayan haka wanzami ne zai zo da askarsa, ya yi aski, ya cire beli, kuma askar da ya zo da ita ta fito ne daga wani gidan sunan.