Babi Na Uku: Tarihin Fanshon Ma'aikatan Kamfanoni a Gusau da Kewaye

3.1 Gabatarwa

Wannan babi zai duba yadda sauye-sauyen dokar fansho suka shafi ma'aikatan kamfanoni a Gusau da Tsafe da Bungudu. Tun bayan isowar jirgin ƙasa Gusau, garin ya zama cibiyar cinikin auduga da gyaɗa. Daga baya aka kafa injin gurzar auduga da kamfanin man gyaɗa da masaƙar Zamfara, waɗanda suka janyo ma'aikata daga garuruwan kewaye.

3.2 Tsohon Tsari

A 1961 gwamnatin tarayya ta kafa Asusun Tanadi na Ƙasa, wato NPF, domin ma'aikatan kamfanoni. Ma'aikaci da kamfani suna zuba kuɗi rabi da rabi, a biya shi a dunƙule idan ya ajiye aiki. Sai dai gudummawar ba ta wuce naira 8 a wata ba. Da darajar naira ta karye bayan shirin SAP na 1986, abin da mutum ya tara a shekara 20 bai isa jarin kirki ba. Wannan ya sa aka maye gurbin asusun da hukumar NSITF a ƙarƙashin doka ta 73 ta 1993.

3.3 Sabon Tsari

A 2004 gwamnatin Obasanjo ta kawo tsarin adashin fansho, wanda aka kwaikwayo daga ƙasar Chile. Kowane ma'aikaci yana da asusu da sunansa, yana zuba kashi 7.5 na albashinsa, kamfani ya zuba kashi 7.5. Dokar 2014 ta ɗaga wannan zuwa kashi 8 da kashi 10. Amfanin tsarin shi ne, ko kamfani ya rushe, kuɗin da aka riga aka zuba suna nan. Illarsa kuwa, iyakar abin da aka tara shi ne abin da za a ci. Mai ƙaramin albashi ƙaramin fansho zai samu, hauhawar farashi kuma, wadda ta haura kashi 30 a 2024, a kansa take ƙarewa.

3.4 Naɗewa

Idan aka yi la'akari da bayanan da suka gabata, za a ga cewa gyaran ya iso Gusau a makare, domin ya tarar da masana'antun garin suna durƙushewa. Akasarin mutanen Tsafe da Bungudu manoma ne da 'yan kasuwa da masu sana'ar hannu, ba su da albashin da za a yanka. Ko da yake an ƙaddamar da tsarin ƙaramin fansho domin irinsu a 2019, har yanzu gona da dabba da 'ya'ya su ne madogarar yawancin tsofaffin wannan yanki.