Yadda irin hatsi ke sauyawa daga damina zuwa damina

Hatsi, wanda wasu ke kira gero, shi ne babban abincin gundumomin Agie, Gazawa da Gidan Rumji a jihar Maraɗi. Ko a gona guda, zangarniyoyinsa ba su zama ɗaya: wata doguwa, wata gajera, wata ta riga sauran nuna. Wani ɓangare na wannan bambanci gado ne da ke cikin ƙwayoyin halittar tsiron.

Tushen bambancin

Iska ce ke ɗaukar bununin hatsi daga wata zangarniya zuwa wata, har daga gonar maƙwabci. Don haka kowace ƙwaya na iya haɗa gadon tsirrai biyu dabam. Shibra ma, wadda ke zubar da ƙwayarta da wuri, ta samo asali ne daga gaurayar hatsin gida da na daji.

Yadda zaɓi ke aiki

Idan ruwa ya ɗauke da wuri, tsirran da suka riga fidda kai su ne ke yin ƙwaya. Daga cikinsu manomi zai ware irin baɗi. Idan haka ta maimaitu shekaru da dama, gadon saurin nuna sai ya yawaita a cikin irin.

Abin da bincike ya nuna

Masana na cibiyar IRD ta Faransa da takwarorinsu na Nijar sun kwatanta irin da aka tattara a ƙauyuka 79 na ƙasar a 1976 da wanda aka sake tattarawa a ƙauyukan a 2003. Sakamakon da aka wallafa a 2011 ya nuna cewa hatsin 2003 ya fi saurin fidda kai, kuma zangarniyarsa ta fi gajarta. Wani nau'in ƙwayar gado mai suna PHYC, mai alaƙa da saurin fure, ya kusa ninkawa. Tsakanin shekarun biyu an sha fari, musamman na 1984. Manoma ba su watsar da irinsu na gargajiya ba. Irin ne ya sauya a hannunsu.

Muhimmancinsa ga manomi

Zaɓi ba ya yiwuwa sai da bambanci. Shi ya sa cibiyar INRAN, mai tasha a Tarna kusa da Maraɗi, da ICRISAT a Sadore ke dogara da irin manoma wajen samar da ingantattun iri kamar HKP. Iyalin da yunwa ta tilasta wa cinye irin da suka ajiye a rumbu kan rasa gadon da ya daɗe yana sabawa da ƙasarsu.